Yawan Rubuce-rubucen Likita da Numfashin Ɗanka a Ɗakin Gaggawa

 

Kwanakin baya wani magidanci ya tsaya a tagar da muke bayar da magani, takardar likita a hannun dama, waya a hannun hagu. Ɗansa mai shekara huɗu ya faɗo daga kan dakali goshinsa ya tsage, aka ce sai an yi masa allurar barci kafin a ɗinke. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne ya buga sunan likitan da ke bakin aiki a intanet bai ga komai ba, alhali wani ɗan'uwansa ya taɓa turo masa labarin wani farfesa mai maƙaloli ɗaruruwa, wanda aka kafa hujja da aikinsa sau dubbai. Sai ya ce mini: "Malam, wannan da ko takarda ɗaya bai rubuta ba, in bar shi ya sa mini yaro barci?"

Da yake akwai layi a bayansa, amsar da na ba shi gajera ce. A yau nake son in ba ka cikakkiyarta, domin wata rana kai ma kana iya tsayawa inda ya tsaya. Ra'ayina shi ne: binciken manyan likitoci yana da daraja, har ma shi ya samar da ƙa'idojin da ake bi a yau, amma yawan maƙala da yawan ambato ba su ne ke tsare numfashin yaro a kan gado ba. Abin da ke tsare shi, bayan ikon Allah, shi ne a cika sharuɗɗan da wancan binciken ya zo da su. A kan waɗannan sharuɗɗa ya kamata tambayarka ta tsaya.

Me ake ƙirgawa?

Idan likita ya yi bincike, yakan rubuta sakamakon ya aika wa mujallar likitanci, wasu masana su tantance, sannan a buga. In wani mai bincike ya zo daga baya ya sa sunan wannan maƙala cikin hujjojinsa, an ce ya ambace ta. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kafa kundin ƙirga irin wannan ambato, wanda ya fara fitowa a cikakkiyar siffarsa a 1964. A 2005 kuma wani masanin kimiyyar fiziks a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin da ake kira da harafin h. In aka ce h ɗin mutum 30 ne, ana nufin yana da maƙaloli 30 waɗanda kowace daga cikinsu an ambace ta aƙalla sau 30. Da irin waɗannan lambobi jami'o'i ke ƙara wa malamai girma, da su kuma ake tsara jerin sunayen nan na fitattun masana da kake gani ana yaɗawa a WhatsApp da Facebook.

Lambar tana nuna cewa masu bincike sun lura da aikin mutum. Ba ta bayyana dalilin da ya sa suka ambace shi, ko don yabo ne ko don suka. Haka nan ba ta cewa komai game da iya hannunsa a gaban majinyaci.

Binciken da ya sauka daga takarda zuwa gado

Bari in ba ka misalin likitan da ambaton aikinsa ya zo da dalili. Sunansa Steven Green, farfesa ne a fannin agajin gaggawa a Jami'ar Loma Linda da ke Kalifoniya a Amurka. Yawancin sunan da ya yi a kan magani ɗaya ne, wato ketamin.

An haɗa ketamin a 1962, aka fara gwada shi a jikin mutane a 1964, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1970. Yana raba hankalin mutum da abin da jikinsa ke ji, ta yadda za a ɗinke rauni ko a gyara karaya ba tare da ya ji zafi ko ya tuna ba. Bambancinsa da yawancin magungunan barci shi ne, galibi yakan bar mutum yana numfashi da kansa, ba ya kuma saukar da hawan jini. Ana iya yin allurarsa a jijiya ko a tsoka. Saboda haka ya shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ya kuma zama abin dogaro a asibitocin karkara na Afirka, har da namu.

Duk da haka, shekaru da dama ana kallonsa a Amurka a matsayin maganin ɗakin tiyata kawai. Yaron da ya zo sashen gaggawa da tsagaggen leɓe, sau da yawa danne shi ake yi ana ɗinki yana ihu. A 1990 Green da abokan aikinsa suka buga rahoton yara ɗari da 'yan kai da aka yi wa allurar ketamin a sashen gaggawa, a mujallar Annals of Emergency Medicine. A 1998 suka dawo da rahoton allurai 1,022 da aka yi wa yara a tsoka. An sami matsalar numfashi ta ɗan lokaci a kashi 1.4 cikin ɗari, aka kuma shawo kan dukkansu ba tare da an zura bututu a maƙogwaro ba.

Babban aikin ya zo a 2009, lokacin da suka tattaro bayanan yara 8,282 daga bincike 32 na asibitoci daban-daban. Kusan yara 4 cikin kowane 100 sun sami wata matsala ta hanyar iska ko ta numfashi. Kimanin 8 cikin 1,000 numfashinsu ya ɗauke na ɗan lokaci, kimanin 3 cikin 1,000 kuma maƙogwaronsu ya shaƙe. Amai ya faru ga kusan 8 cikin 100. Binciken ya nuna waɗanda suka fi shiga haɗari: yaran da ba su kai shekara 2 ba, da masu shekara 13 zuwa sama, da waɗanda aka ba magani mai yawa ta jijiya.

Ga abin da ya fi burge ni a matsayina na mai harhaɗa magunguna. A da, al'ada ce a haɗa ketamin da atropin don rage yawu, ko da midazolam don hana firgita yayin farkawa. Alƙaluman 2009 ba su nuna cewa wannan haɗi yana kare yara ba, sai ma aka ga matsalar numfashi ta fi yawa ga waɗanda aka yi wa haɗin. Saboda haka da Green da Baruch Krauss na asibitin yara na Boston da wasu abokansu suka sabunta ƙa'idojin ketamin a 2011, sai suka daina ba da shawarar yin wannan haɗi ga kowane yaro. Suka kuma cire raunin kai daga jerin abubuwan da ke hana bayar da maganin. Suka bar hani biyu masu ƙarfi: jaririn da bai kai wata 3 ba, da wanda aka sani ko ake zargin yana da taɓin hankali mai suna sikizofireniya.

Ka lura da yadda abin ya gudana. An fara da yara kaɗan, aka ƙaru zuwa dubu, aka haɗa da na wasu asibitocin da ba nasu ba, sannan da alƙaluma suka saɓa wa tsohuwar al'ada, sai aka sauya al'adar. Wannan ne ya sa nake girmama aikin, ambaton da ya biyo baya kuwa inuwarsa ce kawai.

Lokacin da lamba ta yi ƙarya

Abin takaici, a fannin sa barci ɗin nan aka sami wasu daga cikin manyan algus na tarihin binciken likitanci.

Yoshitaka Fujii likitan sa barci ne a Japan, wanda ya riƙa buga maƙaloli a kan magungunan hana amai bayan tiyata. Tun a shekarar 2000 wasu likitoci a Jamus suka rubuta wa wata mujalla cewa sakamakonsa ya cika kyau har ya wuce hankali, amma aka ci gaba da bugawa ana ambato. Sai a 2012 wani likita a Ingila, John Carlisle, ya bi alƙaluman gwaje-gwajensa 168 da lissafi, ya nuna cewa da wuya ƙwarai su zama na mutane na gaskiya. A wannan shekarar ƙungiyar likitocin sa barci ta Japan ta yanke cewa maƙaloli 172 ƙirƙirarru ne.

Na biyu shi ne Joachim Boldt na Jamus, wanda aka ɗauka jagora ne a binciken wani ruwan ƙari mai sinadarin sitaci da ake ɗaura wa marasa lafiya masu tsanani. A 2011 mujallu suka janye maƙalolinsa kusan 90, adadin kuma ya ci gaba da ƙaruwa daga baya. A 2013 wasu masu bincike suka sake lissafin gwaje-gwajen wannan ruwa a mujallar JAMA. Da suka cire na Boldt, sai ya bayyana cewa ruwan yana da alaƙa da ƙarin mace-mace da lalacewar ƙoda. Da a ce a 2009 aka nuna maka jerin maƙalolin Boldt da yawan ambatonsu, da ka ce ba ka taɓa ganin likita kamarsa ba.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a gare mu. Malaman hadisi tun da can sun san cewa yaɗuwar magana a bakin mutane ba ta inganta ta. Sai sun bi isnadi mutum bayan mutum, sun tambayi gaskiyar kowane mai ruwaya da ƙarfin haddarsa, sun duba ko an samo maganar ta wata hanya dabam. Haka ake auna bincike: wa ya yi shi, yaya ya yi shi, kuma da wasu suka maimaita a wani wuri, sun sami abin da ya samu? Su kansu masana sun gane illar bauta wa lamba, shi ya sa a 2012 wasu editoci da masu bincike suka tsara wata sanarwa a San Faransisko, suna kira da a daina auna darajar aikin mutum da martabar mujallar da ya fito a ciki.

Za ka iya cewa, to ai duk da haka wanda ya yi bincike ya fi wanda bai yi ba sanin abin. Akwai gaskiya a nan, ba na musunta ta. Likitan da ke bincike yakan fi bin sababbin ƙa'idoji, asibitin da ake bincike a cikinsa kuma yakan fi rubuta kurakuransa. Sai dai rubutu gwaninta ce, riƙe haɓar yaron da numfashinsa ya toshe a ɗaga ta cikin daƙiƙa kaɗan ita ma gwaninta ce ta dabam. Akwai likitoci da ma'aikatan jinya masu sa barci a manyan asibitocin ƙananan hukumomi da suka yi wannan aiki sau ɗaruruwa lafiya, ba su kuma taɓa samun lokaci ko kuɗin buga maƙala ba. Rashin sunan mutum a intanet ba hujja ba ce a kansa.

Sharuɗɗan da ke ƙarƙashin alƙaluman

Yanzu mu koma kan alƙaluman Green, domin a nan maganar take. Waɗancan yara 8,282 ba a ɗaki kawai aka yi musu allura aka fita aka bar su ba. A sassan gaggawa aka yi, mafi yawansu a ƙasashe masu wadata, inda ake auna nauyin yaro, a maƙala masa na'urar auna iskar jini a yatsa, a ajiye oksijin da na'urar zuƙo majina a gefe, a kuma tsayar da ma'aikacin da ke lura da shi. Yaran nan 4 cikin 100 da suka sami matsala sun tsira ne domin akwai wanda ya gani nan take, ya kuma san abin yi. In aka cire mai lura da kayan aikinsa, maganin yana nan yadda yake, amma alƙaluman sun daina aiki.

Duniya ta ga abin da ke faruwa in aka yi watsi da sharuɗɗa. A 2009 mawaƙin nan Michael Jackson ya rasu bayan likitansa ya ba shi maganin barci mai suna propofol a ɗakin kwanansa, ba tare da cikakkun kayan lura da na ceto ba, kotu kuma ta sami likitan da laifi a 2011. Propofol ɗin nan ana amfani da shi kullum a ɗakunan tiyata na duniya lafiya ƙalau. A 2019 kuma, a jihar Kolorado, ma'aikatan motar asibiti suka yi wa wani matashi mai suna Elijah McClain allurar ketamin bayan 'yan sanda sun danne shi. Sun ƙiyasta nauyinsa da ido fiye da yadda yake, suka ba shi abin da ya wuce kima, ba su kuma lura da shi yadda ya kamata ba. Ya rasu bayan 'yan kwanaki, a 2023 kotu ta sami ma'aikatan biyu da laifi.

Saboda haka in wani ya ce maka bincike ya tabbatar ketamin ba shi da haɗari, ka ƙarasa masa zancen: a hannun wanda aka horar, a wurin da aka tanadi kayan ceto. Kada ka yarda a yi wa ɗanka allurar barci a gida ko a shagon sayar da magani, ko don kaciya ne, ko don ɗori, ko don matse ƙurji, komai ƙanƙantar aikin a idonka.

Abin da za ka tambaya, da abin da za ka faɗa

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a yi allurar, ka yi waɗannan tambayoyi cikin ladabi, ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba. An ɗora yaron a kan sikeli? Domin da nauyi ake lissafa maganin, kilo bayan kilo. Wa zai lura da numfashinsa yayin da likita ke ɗinki? Ya kamata ya zama mutum na dabam, don wanda idonsa ke kan zare ba zai ga ƙirji ba. Akwai na'urar yatsa, da oksijin, da na'urar zuƙo majina, da jakar hura iska mai abin rufe fuska daidai da yaro? Wa zai zauna da shi har ya farka sarai?

Kai ma akwai haƙƙi a kanka. Ka faɗi ainihin shekarun yaro ko watanninsa. Ka faɗi lokacin da ya ci abinci ko ya sha nono na ƙarshe, kada ka ɓoye don gudun a ɗage aikin. Masana, har da Green da abokansa a wata shawara da suka fitar a 2007, sun nuna cewa a halin gaggawa cin abinci ba koyaushe yake hana sa barci ba, likita ne zai auna gaggawar aikin da zurfin barcin da ake buƙata, amma ba zai iya aunawa da labarin ƙarya ba. Ka faɗa in yana mura ko tari, ko asma, ko minshari mai ƙarfi, ko ciwon zuciya, ko sikila, ko farfaɗiya. Ka faɗi duk abin da aka ba shi, har da jiƙo da tsimi da maganin tari. In babba ne, a faɗi hawan jini da taɓin hankali, da kuma shan tiramadol ko kodin in akwai. Wannan ba wurin jin kunya ba ne.

Ka kuma san abin da za ka gani, don kada ka firgita. Yaron da aka yi wa ketamin sau da yawa idanunsa a buɗe suke, suna ɗan rawa, yawu na iya zuba, hannu ko ƙafa na iya motsi. Wannan ba alamar yana jin zafi ba ce. Lokacin farkawa wasu kan yi surutai ko kuka ko su ga abubuwan da babu su, wannan kuma ya fi yawa ga manya da matasa. Abin da ya fi taimako shi ne a rage hayaniya da haske, uwa ko uba su zauna kusa suna magana a hankali. Taron 'yan dubiya a wannan lokaci ba alheri ba ne.

Bayan an koma gida, amai sau ɗaya ko biyu na iya faruwa, tafiya kuma na iya zama da tangaɗi na wasu sa'o'i. A fara da ruwa kaɗan-kaɗan. A hana shi keke da hawa bishiya da zuwa rafi ko bakin rijiya a wannan yini, kada kuma a bar shi shi kaɗai a wurin wanka. In numfashi ya yi wuya, ko leɓe ya sauya launi, ko amai ya ƙi tsayawa, ko an kasa tashinsa daga barci, a koma asibiti nan take.

Bashin da ke kanmu

Ba zan rufe ba sai na juya kan mu ma'aikata. Yaranmu da yawa suna zuwa da tamowa, ko ƙarancin jini na zazzaɓin cizon sauro, ko sikila, a asibitin da wuta ke ɗaukewa a tsakiyar aiki. Green da abokansa sun lura da muhimmancin wannan tun a 1996, lokacin da suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa likitocin da ke amfani da ketamin a ƙasashe masu tasowa. Amma ba su ne za su ƙirga mana namu ba. Kowane sashen gaggawa zai iya ajiye littafi guda: nauyin yaro, yawan maganin da aka ba shi, abin da ya faru, abin da aka yi. In aka tara wannan shekara biyu ko uku aka duba, zai gyara aikin wannan asibiti ko da ba a taɓa ambatonsa a wata mujalla ba. In kuma aka buga shi har aka ambata, madalla. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Shi kuwa magidancin nan, na ce masa ya mayar da wayar aljihu, ya koma ya tambaya ko an auna yaron da kuma wanda zai tsaya a kansa. Bayan kamar sa'a biyu ya biyo ta tagar karɓar farasitamol, yaron na barci a kafaɗarsa da filasta a goshi. Ya ce an ɗora shi a sikeli a gabansa, wata nas kuma ba ta ɗauke ido daga kansa ba har ya farka ya nemi uwarsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana zuriya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.